Wayar da Aka Ja Zuwa Ɗakin Yaya

Yayana bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, ko da suɓutar baki. "Yaron nan" yake cewa, in ransa ya ɓaci kuma ya ce "wancan." Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a gidajenmu na Sakkwato, kowa ya tashi ya tarar da ita, amma yawancin mutane sukan sassauta in ɗa ya girma. Shi Yaya riƙe ta ya yi kamar farilla. Tun da aka yaye yaron aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uwa a Unguwar Rogo, mu kuma muna Ƙofar Rini, tafiyar da ɗan kabu-kabu zai sauke ka kafin ka gama gyara zama. Amma Yaya bai taɓa zuwa ganinsa ba. Ranar Sallah in yaron ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, Yaya ya kau da kai ya amsa wa bango. Haka yaron ya girma, ya yi karatu, ya sami aiki a Legas, shi da ubansa ba su taɓa yin hirar minti biyar ba.

Ni ƙanwarsa ce, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe da haushinsa a raina. Lokacin da aurena ya mutu na dawo gida da 'yata, tana da shekara bakwai. Mahaifinmu ya riga ya rasu, Yaya ne babba a gidan. Wata rana na tafi ofis inda nake aikin buga takardu, na dawo da azahar na tarar babu yarinya, babu akwatinta. Ashe dangin ubanta ne suka zo daga Wamakko, Yaya ya miƙa musu ita bai ko aika a kira ni ba. Na tsaya a tsakar gida ina ihu. Ya fito yana gyara hula ya ce, "Ɗiya ta ubanta ce. Mi kike ma kururuwa kamar an yi mutuwa?" Ya hau babur ɗinsa ya yi tafiyarsa. Yau yarinyar ta zama budurwa, in ta zo sai ta zauna a gefen tabarma ta gaishe ni kamar matar maƙwabta. Inna, mahaifiyarmu, ta ce in yi haƙuri, na ce na yi. Ƙarya nake, ajiye abin na yi.

Shekaru suka wuce, sai wata tifa ta buge Yaya a kan babur ɗin nan nasa. Ya rayu, amma ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafu suka daina aiki. Matarsa ta riga ta rasu, sauran 'ya'yansa mata ne kuma kowacce tana ɗakinta, Inna ta tsufa. Mijin ɗaya daga cikin 'ya'yan ke zuwa safe da yamma ya ɗaga shi ya gyara shi. Sauran hidima, abinci da magani da wanki, duk a kaina ta faɗo. Na yi kuwa, ban taɓa barin shi da yunwa ba. Sai dai mutumin da yake kwance bai canza hali ba ko kaɗan. Miya ta yi gishiri, fura ta yi tsami, me ya sa nake buga ƙofa. Kai, wani mutum ko a makara aka ɗora shi sai ya ce an karkata.

Bayan wata huɗu yaron ya sami hutu ya zo daga Legas. Ina cewa yaro ne don bakina ya saba, amma a lokacin har gemu ya ajiye. Ya shigo da 'yar talabijin da na'urar gem, irin wadda samari ke buga ƙwallo da ita a shaguna. Ya san ubansa ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, kakarsa ce ta ba shi labari. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa, sannan ya shiga yana haɗa wayoyi bai ɗaga kai ba. Yaya ya dubi bango ya ce, "A ce ma yaron nan ya kwashe tarkacenshi, ni ba ɗan yaye ba ne." Yaron ya dube ni, ni ma na dube shi, ya ci gaba da aikinsa.

Matsalar da aka samu ita ce ta sabis. Ɗakin Yaya yana can ƙuryar gida, tsohon ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ko kiran waya da ƙyar yake shiga. Duk gidan tagata ce kaɗai wurin kirki, a jikin ƙarfenta nake rataye 'yar na'urar waifai, laftof ɗina da nake ƙarasa aikin ofis da ita tana kamawa daga kan teburi. Yaron ya gwada ya gwada, gem ɗin ya ƙi ganin waifai daga can. Sai ya fita kasuwa ya dawo da wata doguwar waya shuɗiya. Ya soka bakinta ɗaya a jikin laftof ɗina, ya fitar da ita ta taga, ya bi da ita kan igiyar shanya, ya shigar da ita ɗakin ubansa ya soka a bayan gem. Sannan ya zauna kusa da ni ya buɗe wani wuri a kwamfutar ya nuna mini ɗan akwati ƙarami.

"Gwaggo, kin ga nan? In kika sa alama a ciki, kwamfutarki za ta raba masa abin da take kamawa, ya bi ta wayar nan ya je masa. In kika cire alamar kuwa, ya yanke ke nan."

Na ce, "To shi wa zai buga da shi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni. Daga can Legas. Kowace Lahadi bayan la'asar zan shiga in jira shi."

Ya bar wa ubansa abin sawa a kunne wanda za su iya jin muryar juna, Yaya ya sa aka jefa shi bayan gado. Sati biyu bai taɓa gem ɗin ba. A na uku na kai masa koko na same shi riƙe da abin bugawar, wanda yara ke ce wa fad, ya ciji leɓe yana ta fama, 'yan wasansa suna gudu suna fita fili kamar awakin da aka kwance. Da ya gan ni ya tura shi ƙarƙashin bargo. Na yi kamar ban gani ba. Zaman kwance ba abin da ba ya koya wa mutum, kafin wata guda ya iya.

Ranar Lahadin da suka fara wasa tare, tun kafin a kira la'asar ya ƙwala mini kira. Bai ce komai game da ɗansa ba, cewa ya yi, "Ki kunna abin nan naki." Na kunna, na sa alamar. Zafin garin nan kuwa ba ya barin kwamfuta ta zauna lafiya, sai na ɗora ta kan bulo biyu na juya mata fanka. Can sai na fara jin hayaniyar 'yan kallo daga talabijin ɗinsa. Suka yi kusan awa guda. Da suka gama yaron ya kira ni.

"Gwaggo, ya ji daɗi?"

Na leƙa ɗakin. Yaya yana kwance yana kallon rufi, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun muna yara. Ya ce, "An kira?" Na ce an kira. Ya ce, "To." Iyakar maganar ke nan.

Haka abin ya zama kowace Lahadi. Uba da ɗa suna wasa, babu wanda ya ce wa wani uffan, babu kuma wanda zai ce Yaya ya karya kunya, tunda bai kira suna ba, bai haɗa ido ba. Ranar sai ya sa a yi masa aski, a canza masa riga, kamar mai jiran baƙo. Ya daina ƙorafin gishiri. Inna har kuka ta yi, ta ce Allah ya yi wa wannan yaro albarka. Ni kuma ina zaune gaban kwamfuta ina gadi, wani abu yana ci na a ƙirji. Wato shi Yaya an dawo masa da ɗansa har kan gado, ta cikin tagata, ta cikin kwamfutata, ni kuwa wa ya dawo mini da tawa?

Karon farko ba da gangan ba ne, wannan kam Allah ne shaidata. Na manta ban kunna fanka ba, kwamfutar ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar wasa. Sai na ji Yaya ya yi wata irin ƙara, "Kai! Kai! Mi ya hwaru?" Na je na same shi yana jijjiga fad ɗin, idonsa ya yi ja, yana duba talabijin yana duba ni. Mutumin da ya tsaya yana gyara hula ranar da nake ihu, yau ga shi yana kallona kamar ni ke riƙe da numfashinsa. Na ce zafi ne, bari ta huce. Na koma ɗaki, kuma wallahi daɗi na ji. Na ji shi har cikin ƙashina.

Da yamma yaron ya kira. Ya ce yana cin ƙwallo ɗaya sai aka rubuta masa cewa abokin wasansa ya fita. Na ce me ya sa ba a rubuta sabis ne ya yanke ba? Ya ce ai gem ɗin bai san bambanci ba, ko mutum ya kashe da hannunsa ko waya ta tsinke, abu ɗaya yake rubutawa, ya fita. Na ce masa kwamfutata ce ta yi zafi, ya yi dariya ya ce ba komai. Amma maganar ta zauna mini a kai.

Na riga na san sautin ɗakin nan. In Yaya ya ci, gyaran murya yake yi sau biyu, don ba zai yi murna a fili ba. In aka ci shi kuwa sai ya ja tsaki mai tsawo. Lahadin da ta biyo na zauna na kasa kunne. Gyaran murya, na bari. Wani gyaran muryar, na bari. Ina jin tsaki na kai hannu na cire alamar. Waya tana nan a soke, fitilar kwamfuta tana ci, fanka tana juyawa, ko wa ya shigo ba zai ga komai ba. Na ƙirga kamar minti goma yana kirana, sannan na tashi a hankali na je na ce, "Sabis ne, Yaya, ka san halinsu."

Ban yi kowane mako ba, ni ba sakarya ba ce. In na yi sau biyu sai in bar ɗaya ya tafi lafiya. Amma duk wanda na yanke, bayan tsaki nake yanke shi. Na sani sarai Yaya ba zai ɗauki waya ya ce wa ɗansa ba ni na fita ba, ko za a yanka shi. Na kuma san ba zai aiki 'ya'yansa mata da maganar ba, don a gabansu ko zancen yaron ba ya yi. Duk abin da zai fita daga ɗakin nan zuwa Legas ta hannuna zai bi. Ina zaune ina gaya wa kaina rama cuta ga macuci ibada ne, har da gyaɗa kai.

Yaron ya daina tambayata ko ubansa ya ji daɗi. Wata Lahadi bayan na yanke, ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, don Allah in tambaye ki. Yau ma kwamfutar ce?"

Na dubi kwamfutar, sanyi ƙalau. Na ce, "A'a, yau lafiyarta lau."

Ya ce, "Na lura ba ya fita sai in na ci shi. Har rage ƙoƙari nake yi, in bar masa hanya, amma da ƙwallo ta shiga ko da kuskure ne sai in ga ya fita. Fushi yake yi da ni?"

Nan ne wurin da ya kamata in ji tsoron Allah. Wannan yaro bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, ko zuwa ya yi sai ya riƙo mini turmin atamfa. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Haba ɗana, yau ka fara sanin ubanka? Mutumin da bai son a fi shi ko a tsawon inuwa? Da ka ci shi sai ya danna abin ya jefar, ya ce raini ne. Ni dai ban so in gaya maka ba."

Ya ce, "Haka ya ce? Raini?"

Na ce, "Ka bar shi kawai, ciwo ne."

Ya ce to, ya gode, ya kashe wayar.

Lahadi ta zagayo, aka yi wa Yaya aski, aka sa masa farar riga. Na kunna, na sa alamar. Shiru, ba hayaniyar 'yan kallo. Ya kira ni ya ce in duba abina, na ce nawa lafiya lau. Ya riƙe fad ɗin har aka kira magariba. Da na kai masa tuwo bai ce "an kira?" ba. Mako na biyu haka, na uku haka. Ya rage cin abinci. Inna ta tambaye ni ko abin ya lalace ne, na ce yaron ne aiki ya yi masa yawa. Ni kuwa har lokacin zuciyata ba ta karaya ba, ina cewa ya ɗanɗana ya ji yadda jira yake.

A mako na huɗu na shiga ɗaukar kwanuka, sai ya ce in zauna. Tun da nake da Yaya bai taɓa ce mini in zauna ba. Na zauna a bakin gado. Ya daɗe yana murza gefen bargo, yana kallon bango.

Ya ce, "Ke kam kin yi ƙoƙari da ni. Na san ban kyauta miki ba a baya, ga shi ke ka ɗawainiya da ni. Allah shi saka miki."

Na fara haɗa kwanukan da ke gabana.

Ya ce, "Ina roƙon ki wani abu. Ki kira yaron nan. Ki ce mishi ba ni ka hita ba. Sabis ɗin wanga gida ne. Ki ce mishi ko goma yac ci ni, ni ban jin komi. Ki ce..." Sai ya tsaya. Na ga leɓensa yana motsi, na ɗauka sunan zai faɗa, amma bai iya ba. Ya ce, "Ki dai hwaɗa mishi hakanan."

Na ce to. Na kwashi kwanuka na fita.

Duk da haka sai da na yi kwana tara ban kira ba. Kada kowa ya tambaye ni dalili, taurin kai ne da kunya suka haɗu mini. Kullum na shiga sai ya bi ni da ido, in ce layin ba ya shiga. Ranar da na kira, na tsara maganata tsaf yadda ba za ta taɓa ni ba. Na ce, "Ɗana, ubanka ya ce in gaya maka ba shi ke fita ba, sabis ne ke yankewa. Ya ce ko goma ka ci shi ba ya jin komai. Ka dawo ku ci gaba."

Sai ya yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Ya ce, "Gwaggo, Allah ya bar mana ke. Na san ke kika ƙirƙiro wannan don ki gyara tsakaninmu. Shi ne zai ce ko goma na ci shi? Ai ko a mafarki."

Na ce, "Wallahi shi ya faɗa, da bakinsa."

Ya ce, "Kada ki yi rantsuwa saboda shi. Wane irin sabis ne wannan da ba ya yankewa sai na ci ƙwallo? Ke da kanki kika ce mini kwamfutar lafiyarta lau. Tun ina ƙarami nake durƙusa masa yana kallon bango, na ce al'ada ce, na haƙura. Na ɗauka ko a wasa zai iya zama da ni. Tunda abin raini ne a wurinsa, na bar masa. Magani da duk abin da ake buƙata ba zan fasa aikowa ba, amma wannan kam na gama."

Magana zarar bunu ce, na zare ta kuma ta ƙi komawa. Abu ɗaya ne ya rage da zai sa ya yarda, shi ne in ce masa ni ce, ni nake zaune ina jiran tsakin ubanka in cire alamar da ka nuna mini da hannunka. Kalmomin suna bakina. Na tuna yadda yake ce mini Gwaggo, na tuna Inna, na tuna idon da Yaya zai dube ni da shi, ni da ya gama sa wa albarka. Na ji tsoro, na zaɓi kaina. Na ce, "To ɗana, Allah ya kyauta." Ya ce amin, in gaida Inna.

Ashe Yaya ya ji muryata ta taga. Ina fitowa ya kira ni. Na tsaya a bakin ƙofarsa, ban shiga ba.

"Kin same shi?"

"Na same shi."

"Kin hwaɗa mishi?"

"Na faɗa."

Ya ɗan ɗago kansa daga matashi. "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce aiki ne ya yi masa yawa, an canza masa wuri, yanzu har Lahadi yana fita."

Ya mayar da kansa a hankali. Ya ce, "Awo. Aiki ya hi wasa. Allah shi taimaka." Har na juya zan tafi, sai ya ce, "Amma ki bar wayar nan inda take, kada ki naɗe. Wataƙila a ba shi hutu."

Wayar tana nan kan igiyar shanya, rana ta cinye shuɗinta. Kowace Lahadi yana sa a yi masa aski, kafin la'asar ya ƙwala mini kira in kunna abin nan nawa. Ina kunnawa, in sa alamar, in juya mata fanka, in zauna har a kira magariba sannan in kashe.